Rufin Azurfa a Bawul ɗin Zuciya: Nazarin Lamarin Silzone

A ranar 21 ga Janairu, 2000, kamfanin St. Jude Medical da ke jihar Minesota ta Amurka ya sanar da janye dukkan kayayyakinsa masu ɗauke da wani rufin azurfa da ya sanya wa suna Silzone, ya kuma buƙaci asibitoci su mayar masa da waɗanda ba a riga an dasa wa kowa ba. Kafin wannan rana an riga an dasa kimanin bawul (ƙirarriyar ƙofar da ke daidaita wucewar jini a zuciya) 36,000 masu wannan rufi a zukatan mutane a sassa daban-daban na duniya. An ƙirƙiro rufin ne domin ya hana ƙwayoyin cuta kama bawul ɗin da aka dasa, manufar da babu likitan zuciyar da zai ƙi ta, amma abin da ya jawo janyewar shi ne cewa bawul ɗin ya riƙa yoyo ta gefe a jikin wasu marasa lafiya fiye da yadda na asali marar rufin yake yi. Wannan lamari ya cancanci a duba shi daki-daki, domin har yau ana ci gaba da ƙirƙiro sababbin rufe-rufe masu kashe ƙwayoyin cuta don ƙarafan ƙashi da na'urorin zuciya da bututun da ake sanyawa a jiki, kuma tambayar da Silzone ya tayar tana nan a kan kowannensu: me rufin yake yi wa naman jikin da dole ya manne da shi?

Cutar da aka so a hana

Bawul ɗin zuciya ƙofa ce da ke barin jini ya wuce ta fuska ɗaya, ta hana shi komawa baya. Idan ya lalace, ko ya ƙanƙance ko ya daina rufewa sosai, likitan tiyata yakan yanke shi ya ɗinka ƙirarre a gurbinsa. Na kamfanin St. Jude yana da marafai biyu da aka yi da wani nau'in sinadarin kabon mai tsananin ƙarfi da santsi, an fara dasa shi a shekarar 1977, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 yana cikin waɗanda likitoci suka fi amincewa da su a duniya. Sai dai marafan ba su ne suke haɗuwa da zuciya ba. A kewayen bawul ɗin akwai wani zobe na yadin foliyesta, wanda ta cikinsa ne likita yake ratsa allura da zare ya ɗaure bawul ɗin a naman zuciya. A makonnin farko zaren ne kaɗai yake riƙe shi. Abin da ake dogaro da shi a ƙarshe shi ne naman jiki ya tsiro ya ratsa ƙofofin saƙar yadin, ya lulluɓe shi, har zoben ya zama kamar wani ɓangare na zuciyar.

A daidai wannan mahaɗa ce cutar da ake kira endokaditis ta bawul ɗin da aka dasa takan fara. Ba cuta ce mai yawan aukuwa ba, domin ƙiyasin da ake amfani da shi shi ne tana kama tsakanin kashi 0.3 zuwa 1.2 cikin ɗari na masu irin wannan bawul a kowace shekara, amma idan ta kama mutum, tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari sukan rasu tun suna asibiti. Ƙwayoyin cutar suna zama a zoben, su haifar da ƙurji mai mugunya a naman da ke kewaye, zaren ya saki, bawul ɗin ya fara girgiɗi. Sau da yawa makonni shida na allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sa wadatarwa, sai an sake buɗe ƙirjin mutumin da jikinsa ya riga ya yi rauni an cire bawul ɗin an sa wani.

Dalilin da ya sa magani yake kasawa yana da nasaba da ɗabi'ar bakteriya idan ta samu abin da ba jiki ba. Tun a shekarar 1957 masu bincike biyu a Landan, Elek da Conen, suka nuna cewa idan akwai ɗan zaren siliki a ƙarƙashin fatar mutum, adadin ƙwayoyin bakteriyar stafilokokus da ake buƙata kafin wuri ya yi mugunya yakan ragu da ninki kusan dubu goma. Zare guda ya isa ya sauya ƙarfin da jiki yake da shi na kare kansa a wurin. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1970, masanin ƙwayoyin halitta Bill Costerton da abokan aikinsa suka bayyana yadda bakteriya take mannewa a jikin abu, ta hayayyafa, ta fitar da wani yauƙi da take lulluɓe kanta da shi. Dattin da yake taruwa a jikin haƙori misali ne na wannan shimfiɗa, wadda masana suke kira bayofim. Ƙwayoyin da ke cikinta suna rage saurin rayuwarsu, fararen ƙwayoyin jini ba sa iya cinye su, kuma suna iya jure magani ninki ɗaruruwa, wani lokaci har dubu, na abin da zai kashe 'yan uwansu da ke yawo cikin jini.

A shekarar 1987 likitan ƙashi Anthony Gristina ya siffanta lamarin a matsayin tsere tsakanin ƙwayoyin naman jiki da bakteriya, kowanne yana neman ya riga ɗaya mamaye fuskar abin da aka dasa. Idan naman jiki ya riga isa, fuskar ta samu kariya mai rai wadda jini da garkuwar jiki suke kaiwa gare ta. Idan bakteriya ce ta riga, da wuya a kore ta ba tare da an cire abin ba. Wannan bayani shi ne ginshiƙin dukkan tunanin rufe kayan dasawa da abin kashe ƙwayoyin cuta. Amma duk wanda ya yi masa kyakkyawan karatu zai ga yana ɗauke da gargaɗi, domin tseren na mutum biyu ne, kuma abin da ya rage gudun bakteriya ba shi da amfani idan ya rage gudun naman jiki daidai da haka ko fiye.

Me ya sa aka zaɓi azurfa

Azurfa ta daɗe a hannun likitoci. A farkon shekarun 1880 likitan haihuwa Carl Credé a birnin Leipzig na Jamus ya fara ɗiga ruwan sinadarin azurfa a idon jarirai don hana ciwon idon da suke ɗauka wajen haihuwa, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da man shafawa mai azurfa a kan ƙuna. Aikinta yana fitowa ne daga ƙananan zarrarta masu caji da suke narkewa daga jikinta, su kama sunadaran da bakteriya take numfashi da su, su lalata fatarta, su hana ta hayayyafa. Tun da tana kai hari ta hanyoyi da dama lokaci guda, tana aiki a kan nau'o'in bakteriya masu yawa, kuma ana ganin bijire mata ya fi wuya a kan bijire wa maganin da ke da hanya ɗaya tak. Ga kamfanin da yake son kariyar da za ta daɗe a jikin bawul, ƙarfen da ba ya ƙarewa cikin kwanaki kamar magani abu ne mai jan hankali.

An ɗora azurfar a kan zaren yadin zoben ne ta wata fasaha ta kamfanin Spire da ke jihar Massachusetts, inda ake turara ƙarfen a cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska ana kuma harba masa zarra masu caji don ya kama jikin zaren sosai. Sakamakon shi ne wata siririyar shimfiɗa mai ƙarfen azurfa, wadda ta mayar da farin zoben ya yi duhu. An gwada ta a ɗakin bincike a kan bakteriya, an kuma dasa ta a zukatan tumaki na wasu makonni don a ga yadda nama yake warkewa a kanta, aka wallafa sakamakon da ya nuna warkewar ta yi kama da ta zoben da ba a rufe ba.

A nan ne, a ganina, ya kamata mai nazari ya dakata. Abin da azurfa take yi a cikin farantin gwaji daban yake da abin da take yi a cikin jini, domin gishirin kuloraid da sunadaran da ke cikin jini suna kama zarrarta su rage mata kaifi tun kafin ta kai ga bakteriya. Tsantsar ƙarfen azurfa kuma a hankali yake sakin waɗannan zarra. Ta ɗaya fuskar, sanannen abu ne cewa azurfa tana iya cutar da ƙwayoyin jikin mutum, har da waɗanda suke saƙa naman warkewa, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe bakteriya da wanda ke illata waɗannan ƙwayoyi ba ta da faɗi. Saboda haka rufin yana iya kasawa ta hanyoyi biyu masu kishiyantar juna: ya yi rauni a kan bakteriya, ko ya yi ƙarfi a kan naman da ke manne da shi. Lafiyayyar tunkiya mai ƙuruciya da aka duba bayan 'yan makonni ba za ta iya ba da tabbaci game da dattijon da naman zuciyarsa ya taurare ko cuta ta riga ta ci shi ba, balle game da matsalar da za ta samu mutum uku ko huɗu cikin ɗari, wadda ƙaramin garke ba zai taɓa nuna ta ba.

Kasuwa ta riga gwaji

An fara sayar da bawul mai Silzone a Turai da Kanada a shekarar 1997, sannan hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a watan Maris na 1998. Amincewar ta zo ne a matsayin ƙari a kan izinin da bawul ɗin asali yake da shi, wato an ɗauke shi a matsayin gyara ga abin da aka riga aka sani, kuma hukumar ba ta yarda kamfanin ya yi iƙirarin cewa rufin yana rage endokaditis a jikin mutane ba sai an tabbatar da hakan ta hanyar gwaji. Likitoci da yawa sun rungume shi nan da nan. Ba shi da wuya a fahimci dalilinsu: marafan su ne dai waɗanda suka sani shekara ashirin, hanyar ɗinkin ba ta sauya ba, ga kuma fatan samun kariya daga cutar da kowannensu ya taɓa ganin ta kashe masa majinyaci.

Kuskuren hange yana cikin kalmar gyara. Idan aka auna bawul ɗin da idon injiniya, zoben ƙaramin ɓangare ne kuma rufin bai kai kaurin gashi ba. Idan aka auna shi da idon jiki kuwa, zoben ne kaɗai wurin da ake buƙatar nama mai rai ya shiga cikin abin da aka ƙera, don haka sauya fuskarsa sauya dukkan dangantakar bawul ɗin da zuciya ne.

Gwajin da zai amsa tambayar ya fara a watan Yuli na 1998, bayan kayan sun riga sun shiga kasuwa. Sunansa AVERT, kamfanin ne ya ɗauki nauyinsa, Hartzell Schaff na asibitin Mayo a Amurka da Thierry Carrel na birnin Bern a Suwizalan suka jagorance shi, Jami'ar Pittsburgh kuma take tattara bayanan. An tsara shigar da marasa lafiya 4,400 daga asibitocin Arewacin Amurka da Turai, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi su samu bawul mai azurfa rabi su samu na asali, a bi su na shekaru. Yawan adadin ya samo asali ne daga ƙarancin cutar: idan abu yana samun mutum ɗaya cikin ɗari a shekara, sai an tara dubbai kafin a iya cewa raguwar da aka gani ba dace ba ce. Akwai kuma kwamiti mai zaman kansa da ke da ikon duba sakamakon tun gwajin yana tafiya, ya ba da shawarar a tsaya idan ya ga haɗari.

Alamar damuwa ta farko da ta yi ƙarfi ba daga AVERT ta fito ba. A birnin Kadif na yankin Wales, likitan tiyata Eric Butchart da tawagarsa, waɗanda dama suna bin diddigin gudan jini a jikin masu ƙirarren bawul, sun lura cewa majinyatansu masu Silzone suna samun toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa fiye da sauran. Adadinsu bai wuce 'yan gommai ba, kuma ba ta hanyar ƙuri'a aka raba su ba, amma hukumar kula da kayan asibiti ta Birtaniya ta fitar da sanarwar jan hankali a watan Nuwamba na 1999, hukumomin Ostireliya da Niyu Zilan kuma suka dakatar da kayan a ƙasashensu. Bayan 'yan makonni kwamitin AVERT ya duba bayanansa ya ga wata matsala ta daban, ya ba da shawarar a daina shigar da sababbin marasa lafiya. A lokacin an shigar da mutum 807 kacal.

Abin da alƙaluman suka nuna

Rahoton da Schaff da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2002 ya nuna cewa babban yoyon gefen bawul, wato wanda ya kai ga sake tiyata ko cire bawul ko mutuwa, ya samu mutum 18 cikin 403 masu Silzone, yayin da ya samu 4 cikin 404 masu bawul na asali. An cire bawul 19 a rukunin azurfa, 2 a ɗaya rukunin. Yawan mace-mace da shanyewar ɓarin jiki bai bambanta sosai tsakanin rukunonin biyu ba, wanda ke nufin gwajin bai tabbatar da abin da aka gani a Kadif ba. Endokaditis kuwa, wadda dominta aka yi komai, ta kama mutum shida a kowane ɓangare.

Yana da kyau a fayyace abin da wannan yoyo yake nufi ga mai shi. Idan wani sashe na zoben bai kama nama ba, sai a samu 'yar kafa tsakanin bawul da bangon zuciya, jini ya riƙa tsartuwa baya ta cikinta a kowane bugu. Idan kafar ƙarama ce mutum yana iya rayuwa da ita bai sani ba. Idan ta yi girma, zuciya takan yi aikin banza tana tura jinin da ke dawo mata, mutum ya fara haki idan ya hau bene, daga baya ko kwanciya rigingine ta gagare shi, ƙafafunsa su kumbura. Ƙarfin tsartuwar ta ƙunƙuntar kafa yana kuma farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sai jini ya yi ƙaranci, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, wasu har sai an riƙa yi musu ƙarin jini. Likita yakan ji wata sabuwar ƙara da abin sauraren ƙirji, ya tabbatar da hoton zuciya, sau da yawa wanda ake zura na'urarsa ta maƙogwaro. Magani na gaske a wancan lokaci shi ne sake buɗe ƙirji, kuma tiyata ta biyu ta fi ta farko haɗari saboda tabon da ya manne sassan jiki da juna.

Likitocin da suka ciro waɗannan bawul sun ba da rahoton cewa nama bai ratsa zoben yadda ya kamata ba, zaren kuma ya saki. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne azurfar ta hana ƙwayoyin da ke saƙa naman warkewa yin aikinsu. Wannan bayani ya dace da abin da aka gani, amma ba a tabbatar da shi ta yadda zai rufe bakin kowa ba, domin mafi yawan waɗanda aka dasa wa bawul ɗin ba su samu matsala ba, kuma bawul ɗin da aka ciro su ne na waɗanda abin ya ɓaci, ba a ga na sauran ba. Akwai wani abin da ya ƙara rikita ganewa: sakin zare da yoyon gefe su ne ainihin alamomin da endokaditis kanta take haifarwa, don haka likitan da ya ga majinyaci ɗaya ko biyu a asibitinsa yana iya ɗora laifin a kan cuta ko a kan raunin naman mutumin ko a kan ɗinkinsa. Sai da aka jera rukuni biyu da ƙuri'a ta raba kafin bambancin ya fito fili.

Idan aka yi lissafi da waɗannan alƙaluma za a ga nauyin abin. Ko da rufin ya cika burin da aka ɗora masa ya rage endokaditis da rabi, cikin 'yan shekaru zai kuɓutar da mutum ɗaya ko biyu ne cikin kowane ɗari. Ƙarin yoyon da aka gani kuwa mutum 14 ne cikin kusan 400, wato fiye da uku cikin ɗari. Garin neman gira an rasa ido. Wannan ita ce wahalar duk wani rigakafi da ake haɗawa da abin dasawa: kowa ne yake ɗaukar rufin a jikinsa, amma ƙalilan ne dama cutar za ta kama, saboda haka illa ko da 'yar kaɗan ce tana iya cinye ribar baki ɗaya. Kuma magani idan ya ƙi mutum ana iya dakatar da shi washegari, amma abin da aka ɗinka a zuciya ba ya fita sai da wuƙa.

Adalci ya buƙaci a faɗi cewa shida da shida ba hujja ba ce cewa azurfar ba ta aiki, domin gwajin ya tsaya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na adadin da aka tsara ba. An ci gaba da bin waɗannan mutum 807 na shekaru, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa ƙarin haɗarin yoyon ya taru ne a shekaru biyun farko, bayan haka rukunonin suka yi kusan daidai. Wannan ya goyi bayan shawarar da aka bayar tun farko, cewa kada a cire bawul daga jikin wanda ba shi da wata alama, a dai riƙa sa masa ido.

A gaban kotu

Ƙararraki sun biyo baya a Amurka da Kanada. A Amurka an tattara su a kotun tarayya da ke Minesota, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke izinin shigar da su a matsayin ƙarar gayya har sau biyu, a 2005 da 2008. A lardin Ontariyo na Kanada kuwa shari'ar ta kai ga cikakken sauraro na kwanaki 138 na shaidu, kuma a watan Yuni na 2012 Mai shari'a Joan Lax ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa ba a tabbatar kamfanin ya yi sakaci a gwaje-gwajensa ko a sa idonsa bayan sayarwa ba.

Wannan hukunci bai rage wa lamarin muhimmanci ba, ƙara masa ya yi. Da a ce an samu kamfanin da ɓoye bayanai, da sai a ce matsalar ta mutanen banza ce, a hukunta su a wuce. Abin da ya faru shi ne an bi ƙa'idojin da ake da su a lokacin, hukumomi sun amince, kamfanin ya biya kuɗin gwajin da ya tona matsalar, ya kuma janye kayansa da kansa lokacin da kwamiti ya yi magana, amma duk da haka dubban mutane sun karɓi rufin da ba a san amfaninsa ba. Mutum 403 ne kawai cikin kimanin 36,000 aka dasa wa shi a ƙarƙashin tsarin da zai iya gano illarsa da tabbaci. Ra'ayina shi ne da an riƙe kayan a cikin gwaji har sai sakamakon farko ya fito, da an ga yoyon a lokaci kusan guda, da kuma adadin waɗanda suka shiga haɗarin bai wuce ɗaruruwa ba.

Gwaje-gwajen da suka zo daga baya

Silzone bai kashe tunanin rufe kayan dasawa ba, kuma bai kamata ya kashe shi ba, domin an samu inda ya yi aiki. A shekarar 2019 aka wallafa sakamakon gwajin WRAP-IT, wanda ya shafi mutum 6,983 da ake sanya wa ko sauya wa na'urar daidaita bugun zuciya. An saka na'urar rabinsu a cikin wata 'yar jakar raga mai ɗauke da magunguna biyu, minosaikilin da rifamfisin. Cikin shekara guda babbar cuta ta kama kashi 0.7 cikin ɗari na masu jakar da kashi 1.2 na marasa ita, raguwar kashi 40 cikin ɗari ke nan, ba tare da ƙarin matsalar warkewa ba. Bambancin tsarin yana da ma'ana: jakar tana sakin maganin a kwanakin farko, lokacin da haɗarin ƙwayoyin da suka shiga yayin tiyata ya fi yawa, sannan ita kanta ta narke cikin kimanin makonni tara, kuma na'urar ba ta dogara da nama ya ratsa ta ba kafin ta yi aikinta. Sai dai ita ma wannan jaka ta yi shekaru a kasuwa kafin babban gwajin, wanda ke nuna al'adar sayarwa kafin tabbatarwa ba ta gushe ba.

A shekarar ce kuma gwajin BASICS na Birtaniya da Ayilan ya kwatanta nau'i uku na bututun da ake dasawa don janye ruwan da ya taru a ƙwaƙwalwa, a jikin mutum 1,605, yara da manya. Cuta ta sa an sauya bututun a kashi 6 cikin ɗari na masu bututu na asali, kashi 2 na masu bututun da aka jiƙa da rifamfisin da kilindamaisin, da kashi 6 na masu bututun azurfa. Wani babban gwaji na Birtaniya da aka wallafa a 2012 kan robar fitsari mai azurfa shi ma bai sami raguwar a-zo-a-gani a ciwon mafitsara ba. Azurfa tana nan ana amfani da ita a kan manyan ƙarafan da ake maye gurbin ƙashi da su bayan an cire ciwon daji, inda haɗarin kamuwa da cuta ya ninka na tiyatar yau da kullum sau da yawa, kuma masu ƙera su sukan bar sashen da zai shiga cikin ƙashi ba tare da azurfa ba don kada ta hana ƙashin kamawa. Hujjar amfaninta a can ta fito ne mafi yawa daga kwatanta majinyatan da aka riga aka yi wa aiki, ba daga manyan gwaje-gwajen ƙuri'a ba, kuma wasu daga cikin majinyatan sukan samu fatar wurin ta rine ta koma shuɗi-shuɗi saboda azurfar da ta taru a cikinta.

Rufin magunguna shi ma yana da tasa damuwar, musamman tsoron cewa ɗan abin da yake saki a ƙarshe zai iya horar da bakteriya ta bijire, shi ya sa ba a sanya rifamfisin shi kaɗai sai an haɗa shi da wani. Masu bincike a yanzu suna gwada aidin da jan ƙarfe, da fuskoki masu santsin da ke hana bakteriya mannewa ba tare da kashe ta ba, da rufin da ba ya sakin magani sai ya ji alamar cuta a kusa. Galibinsu suna matakin ɗakin bincike da dabbobi, matakin da Silzone ya tsallake ba tare da an ga aibinsa ba.